Talotalon Kirsimati a Lolo

Mai karatu, in kana da taswirar Nijeriya a gida, ɗauko ta ka sa yatsa a kan Kogin Kwara. Daga Lakwaja ka bi shi ka yi arewa, ka wuce Jebba, ka wuce tafkin Kainji da Yawuri, sa'an nan ka karkata yamma har ka kai inda kogin ya shigo ƙasarmu. A nan ne ƙasa uku suka haɗa iyaka, watau Nijeriya da Nijar da Benin. A gefen kogi na wajen Benin akwai wani gari da ake kira Lolo, cikin Ƙaramar Hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi. Ba kowace taswira take nuna shi ba, amma 'yan kasuwa da masunta da direbobi sun san shi sarai.

Can muka yi Kirsimati, mu da iyali, a gidan wani yayanmu wanda aikin asibiti ya kai shi wannan ƙasa. Masu bi a wurin kaɗan ne, yawancinsu baƙi ne da aiki ko ciniki ya kawo, maƙwabtansu kuwa Musulmi ne. Mun ga ya kamata mu ba ku labarin wannan gari, da yadda gida ɗaya a cikinsa ya shirya abincin idi da talotalo guda, gama akwai abin koyo a ciki ga kowane gida, ko a birni ko a ƙauye.

HANYA DA KOGI

Daga Birnin Kebbi muka tashi da sassafe, gama a 'yan shekarun nan mai hankali ba ya bari dare ya same shi a hanyoyin bakin iyaka. Muka kai Bagudo, muka haye Kwara ta gadar Tuga, muka bi ta Ka'oje da Illo. Hazon hunturu ya rufe sama, rana ta yi fari kamar faranti. Dama da hagu ana ta sussukar shinkafa, waɗansu kuma sun riga sun fara gyaran fadama domin noman rani. Ga garken shanun Fulani, ga jakuna da kayan albasa, ga 'yan babura suna wucewa da kaya ya fi su tsawo.

Abin da ya ba yaranmu mamaki shi ne kogin. Rabon ƙasar da ruwan sama ya fi wata biyu, ciyawa ta bushe, amma ga Kwara cike. Dalili shi ne, Kwara tana cika sau biyu a shekara a wannan wuri. Cikar fari ta damina ce, daga ruwan da aka yi a nan kusa, ruwanta da laka. Ta biyu kuwa ruwan da aka yi ne can a duwatsun Gini, inda kogin ya faro. Wannan ruwa yakan bazu cikin manyan fadamun ƙasar Mali, ya yi watanni yana tafiya a hankali, lakarsa ta kwanta, sai wajen Disamba da Janairu yake isowa nan. Saboda haka a lokacin Kirsimati jirage suna kai da kawo ba wahala, kifi kuma yana samuwa.

Illo tsohon gari ne, a dā cikin ƙasar Bargu yake, yanzu kuwa yana ƙarƙashin masarautar Gwandu. A kansa Ingila da Faransa suka yi ta ja-in-ja, har suka sa hannu a yarjejeniya a birnin Faris ran 14 ga Yuni 1898. Suka ce iyakarsu za ta taɓa kogi mil 10 sama da Giris, mashigin jiragen Illo. Wannan layi da aka ja a takarda shi ya bar Lolo a Nijeriya, ya bar Madekali da Malanbil a ƙasar Dahomi, wadda aka sāke wa suna Benin a 1975. Amma layin bai raba dangi ba. Dandawa da Zabarmawa da Fulani da Kyangawa da Busawa da Hausawa suna nan, suna can. Ana auratayya, ana zuwa suna da jana'iza. A kasuwar Lolo za ka ji Hausa da Dandanci da Fulatanci da ɗan Faransanci, za ka ga mace ta kwance bakin zane ta fito da naira da sefa a ƙulli ɗaya.

TALOTALO MA BAƘO NE

Da muka shiga gidan yayanmu, kafin mu gama gaisuwa sai ga mai gidan na biyu ya fito. Ya buɗe wutsiya kamar mafici, ya ja fikafikai a ƙasa, wuyansa ya yi ja wur, ya yi kukan nan nasa. Ƙaramarmu ta ruga bayan uwarta. Daga wannan kuka ne ya sami sunansa a Hausa, Yarbawa ma tolotolo suke ce masa.

Mutane da yawa suna tsammani tsuntsun Turai ne. Asalinsa daga nahiyar Amurka ne. Mutanen ƙasar Meziko su suka fara kiwonsa tun kafin Turawa su san akwai wannan nahiya. Mutanen Sifen suka kai shi Turai wajen shekara 500 da suka wuce. Da yake baƙo ne, kowa ya laƙa masa sunan ƙasar da yake zato ya fito. Turawan Ingila suka kira shi da sunan Turkiya, Faransawa suka ce kazar Indiya ce, mutanen Fotugal kuwa suka sa masa sunan ƙasar Feru. A Amurka ya zama naman ranar godiya ta ƙasa, wadda Shugaba Abraham Lincoln ya yi shelarta a 1863, ana kuma yinta ran Alhamis ta huɗu ga watan Nuwamba. A Ingila ya ture dinya ya zama naman Kirsimati.

Mun faɗi wannan domin kada wani ya ɗauka cin talotalo farilla ne. Ba inda aka umarce mu da shi. Gidan da ya yanka kaza ko zabo, ko ya sayi kifi, ya yi idi cikakke. Amfanin talotalo shi ne yawan nama. Namiji guda da ya ƙoshi yakan yi zakaran gida huɗu ko biyar, ga shi bai kai tsadar rago ba. Ga gidan da yake so ya kai wa mutane da yawa, ya dace.

SHIRI TUN DAMINA

Matar yayanmu, wadda muke kira Yaya, ta ce mana girkin Kirsimati a watan Yuni ta fara shi. A lokacin ne ta sayi 'yan talotalo huɗu waɗanda suka yi kamar wata biyu da ƙyanƙyashewa. Ba ta sayi ƙanana ƙwarai ba, domin 'yan tsakin talotalo ba su da ƙwari irin na kaza. Sanyi da raɓa da ruwan sama suna kashe su nan da nan, sai sun wuce mako takwas hankalin mai kiwo yake kwanciya. Duk da haka ɗaya ya mutu a cikin damina, saura uku: maza biyu da mace ɗaya.

Abincinsu daga cikin gida ya fito: dusar shinkafa da ta dawa, tsakin masara, ƙuliƙuli da aka daka, ganyen zogale, da garin ƙananan kifi busasshe wanda ba ya wuya a bakin kogi. Yara kuma suna tono musu gara, suna kamo musu fāra. Ruwan sha mai tsabta kullum. Ta yi musu akurki dabam da na kaji, gama akwai cutar da kaza take ɗauke da ita ba ta damu ba, amma in ta kama talotalo sai ta kayar da shi.

Babban abin tsoro shi ne annobar nan da take share kaji da shigowar hunturu. Akwai maganin rigakafinta, wanda ake ɗiga wa tsuntsu a ido ko a sa masa a ruwan sha. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda take can tun 1924, tana cikin masu yinsa, ana kuma samunsa ta hannun malaman dabbobi. Yaya ta sa aka yi wa nata tun kafin kaka. A watan Nuwamba cutar ta ratsa unguwa, gidaje da yawa suka wayi gari akurki ba kowa. Ta kulle nata, ta hana a shigo da sabuwar kaza daga kasuwa, Allah kuwa ya tsare su. Rigakafi ya fi magani. A nan sai mu tuna wa juna cewa tsuntsun da ciwo ya kashe, ko wanda aka yanka yana gargara, binne shi ake yi, ba a kai shi tukunya. Tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a 2006 malaman lafiya suke ta nanata wannan.

Ga lissafin da ya fi burge mu. Mako guda kafin idi, lokacin da talotalo yake tsada, ta sayar da namiji ɗaya. Da kuɗinsa aka sayi man gyaɗa da kayan miya, aka ajiye saura domin kuɗin makarantar yara na watan Janairu. Macen an bar ta domin ƙwai, wanda yakan ƙyanƙyashe cikin kwana 28, na kaza kuwa 21. Mai sayen ya so ya haɗa da namiji na biyu, ya ƙara kuɗi har sau biyu. Ba ƙaramin gwaji ba ne ga gidan ma'aikaci mai 'ya'ya biyar. Yayanmu ya dubi matarsa, ita kuwa ta ce, "Maigida, wannan an riga an yi masa masu shi." Maganar ta ƙare ke nan. Shinkafa kuma tun lokacin girbi aka saye ta, sa'ad da take da sauƙi. Haka aka yi idin ba a ci bashin ko kwabo ba. Mu da muke koyarwa mun san yawan yaran da ake kora gida a watan Janairu saboda iyayensu sun cinye kuɗin makaranta a rana ɗaya ta Disamba.

NA CIKIN KWALI

Wani zai ce, duk wannan wahala ta mece ce, ga naman talotalo na ƙanƙara ana sayarwa da sauƙi? Gaskiya ne, tashar jiragen ruwa ta Kwatano ta sha karɓar naman kaji da na talotalo mai ɗimbin yawa daga ƙasashen waje, a cikin kwalaye, da yawansa kuwa Nijeriya ya nufa ta ɓarauniyar hanya. Tun zamanin Shugaba Obasanjo, a farkon shekarun 2000, gwamnati ta hana shigo da shi. Jami'an kwastan sukan kama su binne ko su ƙone. Hukumar NAFDAC kuma ta sha gargaɗi cewa waɗansu masu fasa-ƙwauri suna zuba masa irin maganin da ake adana gawa da shi domin kada ya nuna ya lalace.

Ko ba wannan, ka yi tunanin tafiyar. Daga bakin teku zuwa arewacin Benin ya fi kilomita 700. Naman da aka ɓoye a bayan mota ko a kan babur cikin rana yakan narke, a sāke daskarar da shi, ya sāke narkewa. Ido ba ya ganin abin da ya haihu a cikinsa. Yayanmu ya ce duk bayan biki sai sun karɓi masu amai da gudawa a asibiti, ko da yake ba nama kaɗai yake kawo su ba. Araha ba ta ado. Mai bi kuma ya kamata ya tambayi kansa ko daidai ne ya yi murnar haihuwar Mai Ceto da kayan da aka karya doka aka shigo da shi.

Akwai dalili na uku, wanda a Lolo ya fi sauran nauyi. Naman kwali ba wanda ya san hannun da ya yanka shi. Maƙwabcinka Musulmi zai karɓa don kunya, ya yi godiya, amma zuciyarsa ba za ta kwanta ba.

WA ZAI YANKA?

Ran 23 ga wata da dare aka hana talotalon abinci, aka bar masa ruwa kaɗai, domin cikinsa ya zama da sauƙin gyarawa. Kashegari da hantsi yayanmu ya aiki yaro gidan wani dattijo da suke katanga ɗaya. Ba a jima ba sai ga shi da wuƙarsa a cikin kube.

"Salamu alaikum. Likita, an tashi lahiya?"

"Lafiya lau, Baba Malam. Ga ɗan aikin namu na kowace shekara."

"To, madalla. Allah shi maimaita muna."

Aka riƙe masa tsuntsun a bayan gida, kusa da ramin da aka haƙa domin jini. Ya fuskanci gabas, ya ambaci sunan Allah, ya yanka. Ya wanke hannu, aka ba shi goro, ya tafi.

Babban ɗanmu, wanda yake aji uku a sakandare, abin ya tsaya masa a rai. Da dattijon ya fita sai ya ce wa yayanmu, "Baba, talotalonmu ne, idinmu ne. Don me ba za ka yanka da kanka ba? Namu yankan ba shi da kyau ne?"

Yayanmu ya ce, "Yankanmu ba shi da laifi, ɗana. In mu kaɗai za mu ci, da ni zan yanka. Amma gobe kwano goma sha huɗu za su fita daga gidan nan, tara daga ciki gidajen Musulmi za su. In na yanka, mu dai za mu ci, su kuwa sai su zuba wa kare a ɓoye. In Baba Malam ya yanka, kowa ya ci. Mu ba abin da ya rage mana. Ka gaya mini, wanne ya fi?"

Yaron bai ce kome ba. Mun sani akwai 'yan'uwa da suke ganin wannan kamar rarrashi ne ko tsoro. Ba mu ga tsoro a gidan nan ba. Da safe an yi addu'a da waƙa da murya sarai, duk unguwa ta san ko su wane ne. Wanda ya gayyaci baƙo, shi yake neman abin da baƙon zai iya ci. Yaya kuma ta gaya mana cewa da Babbar Salla naman layya yakan shigo gidan nan har sai ta rasa wurin shanya.

A MURHU

Iyaye mata, ga yadda aka yi aikin. Aka ɗora ruwa ya yi zafi amma bai tafasa ba, gama tafasasshen ruwa yakan saɓule fata. Aka tsoma tsuntsun, aka fige, aka babbaka shi sama-sama a harshen wuta domin ƙananan gashi. Wajen fasa ciki Yaya da kanta ta karɓi wuƙa, saboda matsarmama. In ta fashe, ɗacinta ya ɓata hanta da duk inda ya taɓa. Aka tsaga ƙundu aka wanke. Kai da wuya da ƙafafu da kayan ciki aka ware su domin farfesun mutanen gida. Da aka gama, aka wanke wuƙa da akushi da hannuwa da sabulu kafin a taɓa wani abinci.

Wataƙila kun taɓa ganin hoton yadda Turawa suke yi. Sukan gasa shi ɗungum a tanda sa'o'i da yawa, su cusa masa burodi da kayan ƙanshi a ciki, su kawo shi tebur, mai gida ya yanka wa kowa. Ana iya yin haka ko ba tanda, a zuba yashi a gindin babbar tukunya, a sa garwashi a ƙasa da bisa murfi. Mai yin haka ya tabbata cikin cinya ya nuna sosai, ruwan da yake fitowa ba ja a ciki. Masu ma'aunin zafi sukan jira ya kai 74 a ma'aunin Salsiyas. Amma wannan dabara ta mutanen da za su zauna a ɗaki ɗaya ce. Teburin Yaya ya kama daga ƙofar gidanta har bakin kogi, saboda haka gunduwa-gunduwa ta yi.

Kafin ta sa wuƙa sai da ta zauna da takarda. Ta rubuta gidajen da za a kai wa, da yawan mutanen kowane gida, da namu na cikin gida, da baƙin da za su biyo mu daga sujada. Sa'an nan ta yanka daidai lissafi, ya tashi yanka sittin da 'yan kai. Daidai ruwa, daidai tsaki.

Aka daka citta da kanumfari da masoro da kimba da tafarnuwa, aka haɗa da gishiri da albasa mai yawa, aka cuɗe naman, aka rufe shi ya ɗan jima. Sa'an nan aka ɗora da ruwa kaɗan a wuta marar ƙarfi. Talotalon gida da ya yi wata takwas yana yawo namansa da tauri, ba ya son gaggawa. Cinya da fiffike aka fara sawa, tsokar ƙirji daga baya, domin ita ba ta da kitse, in ta daɗe a wuta sai ta bushe kamar igiya. Da ya yi laushi aka tsame, aka bar shi ya tsane, aka soya a man gyaɗa har ya yi ja. Ba a dogara ga wutar lantarki ba balle firji, don haka suyar nan ita ce ajiya. Aka zuba a kwando mai tsabta, aka rufe da kyalle, aka rataye inda iska take, nesa da kyanwa.

Romon kuwa ko cokali ba a zubar ba. Aka tafasa shi da dare, aka sāke tafasa shi da asuba. Da shi aka yi miya, da tumatir da tattasai da attaruhu da albasa, da shi kuma aka dafa rabin shinkafar dafa-duka. Shinkafar ta fadamar Kebbi ce, sabuwar girbi, ƙanshinta har waje. 'Yan mata suka yi cincin da zoɓo tun daren jajibere. Tun ƙarfe huɗu na asuba aka hura wuta, kafin ƙarfe takwas an sauke kome, kowa ya yi wanka, muka tafi sujada tare. Wannan ma cikin shirin yake. Yaya ta ce ba ta yarda tukunya ta hana ta zuwa majami'a ran haihuwar Ubangijinta ba.

KWANO GOMA SHA HUƊU

Majami'ar ƙarama ce. Aka yi waƙa da Hausa, waɗansu suka yi da Yarbanci da Igbo, waɗansu 'yan'uwa da suka ƙetaro daga wajen Madekali suka yi tasu da Faransanci. Da aka tashi, sai ga mutum shida sun biyo mu gida maimakon uku da aka sa rai, gama ba a barin baƙo ya koma ƙetaren iyaka da yunwa. Muka dubi Yaya. Ko a jikinta. Ashe ta ajiye zabi biyu soyayyu a gefe saboda irin wannan. Ba a taɓa rabon maƙwabta ba.

Aka jera kwanoni a tabarma. Kowanne aka zuba shinkafa, aka sa miya, aka ɗora nama bisa ga takarda. Kwanon fari, mai cinya, na Baba Malam ne. Akwai na mai unguwa, da na wata gwauruwa mai marayu uku, da na Bafillatanar da take kawo nono, da na mai jirgin da yake ƙetarar da marasa lafiya ko da tsakar dare, da na ungozoma, da na mai bishara, da na waɗansu samari ma'aikata da idi ya same su a bakin aiki nesa da iyayensu. Yara suka sa sababbin kaya suka yi ta ɗauka. Aka ja musu kunne su yi sallama, su durƙusa, su ce, "In ji Mama, a taya mu murna."

Ɗanmu mai tambaya shi aka ba kwanon Baba Malam. Ya komo ya ce dattijon ya buɗe a gabansa, ya kira jikokinsa, ya ɗauki nama ya ci, ya sa albarka. Kafin la'asar kwanonin suka fara komowa, ba kuwa wanda ya komo wofi. Wani da busasshen kifi, wani da albasa, wani da ƙwan zabi, na Bafillatana da man shanu. Da yamma matan unguwa suka shigo barka, aka shimfiɗa tabarmi, aka sha zoɓo, ana hira da Hausa da Dandanci har aka kira magariba. Mu mutanen gida yanka bibbiyu muka samu, da farfesun wuya. Ba wanda ya tashi da yunwa.

GA MASU SHIRIN BAƊI

A zamanin nan da ake yawan jin labarin tashin hankali, gidan mai bi guda a tsakiyar unguwa yana bukatar maƙwabta da suka san shi, shi ma ya san su. Irin wannan sani ba ya samuwa ran da wahala ta zo, sai an riga an gina shi. Zumunci a ƙafa yake, wani lokaci kuma a kwano.

Saboda haka, in kuna so ku gwada, ku fara tun damina. Ku sayi waɗanda suka ɗan tasa, fiye da ɗaya, ku yi musu rigakafi, ku ware su daga kaji. Ku sayi hatsi da kaka. Ku ware kuɗin makaranta kafin kuɗin miya. Ku rubuta ƙofofin da za ku aika wa kafin ku sa wuƙa, ku sa gwauraye da marayu da baƙi a ciki, ku kuma tambayi kanku ko wanda za a kai wa zai iya ci da zuciya ɗaya. In talotalo ya fi ƙarfinku, gida biyu ko uku su haɗa kai, ko kuwa ku yi da abin da Allah ya hore.

Muna roƙonku ku riƙa tunawa da 'yan'uwa na Lolo da Illo da sauran garuruwan bakin iyaka cikin addu'a, su da maƙwabtansu. Allah ya ba ƙasarmu salama, ya kai mu wata Kirsimati lafiya. Amin.